Tambaya kan shiga jirgin sama da na'urar gyaran gashi mai aiki da gas

Mai Kwalliyar Amare:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san ƙa'idojin ɗaukar kaya a jirgin sama. Sana'ata gyaran kai da kwalliyar amare ce a Kano, kuma saboda halin da wutar lantarki take ciki a wajenmu, na daɗe da komawa ga na'urorin gyaran gashi marasa waya, waɗanda ake ɗaura musu ɗan ƙaramin gwangwanin gas a cikin mariƙinsu. Guda biyu gare ni, ɗaya ta murɗa gashi, ɗaya ta miƙar da shi, sannan ina da gwangwanayen gas na ajiya waɗanda ban taɓa buɗewa ba.

Tafiya ce ta taso mini. Zan tashi daga Abuja zuwa Landan wajen yayata, daga can kuma mu wuce Atlanta bikin 'yar ƙaninmu, inda ni ce zan yi wa amarya kai. 'Yata za ta raka ni. Waɗanda na tambaya sun ba ni amsoshi masu karo da juna: wata ta ce in zuba komai a babban akwatin da za a auna don kada a ƙwace a wajen bincike, wani ya ce jakar hannu kaɗai aka yarda, wani kuma ya ce duk abin da yake ɗauke da gas ba ya shiga jirgi ko ta wace hanya. Ina so in san wanne ne daidai, kuma ko zan iya tafiya da gwangwanayen ajiyar, domin gwangwani ɗaya ba zai ishe ni aikin biki ba. Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Hanya:

Wa alaikumus salam. Hajiya, shawarata a taƙaice ita ce ki bar su a gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantar auna kaya ya ga allon da ake kafewa mai hotunan abubuwan da aka hana, kuma tukunyar gas tana cikin na farko-farko. Ba don a takura wa fasinja aka yi haka ba. Ranar 19 ga Agusta 1980, jirgin Saudiyya mai lamba 163 ya tashi daga Riyadh zuwa Jidda, wuta ta kama a ma'ajiyar kayansa ta baya, matuƙin ya juyo ya sauke jirgin lafiya a Riyadh, amma hayaƙi ya riga ya cika cikinsa, dukkan mutum 301 da suke ciki suka rasu ba a fitar da ko mutum ɗaya da rai ba. Allah Ya jiƙansu. Mu da muka ji wannan labari a lokacin da ya faru ba ma wasa da duk abin da zai iya kama wuta a sama. Na'urar gyaran gashi ba ta kai a jefa rai cikin haɗari saboda ita ba, kuma ba ta kai a tsaya gardama da jami'in tsaro a ƙasar mutane ba.

Tsohon Ma'aikacin Kaya:

Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Tsoron wuta da ka ambata a kan hanya yake, kuma shi ne tushen dukkan ƙa'idojin nan, sai dai da izininka zan yi ɗan gyara, domin wannan na'ura tana cikin 'yan abubuwan da aka keɓe daga hanin da ake gani a allon. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren karɓar kaya, kuma ana yi mana horo a kai a kai kan abin da ake kira kaya masu haɗari, saboda haka zan faɗi abin da yake rubuce.

Asalin dokar daga hukumar sufurin jiragen sama ta duniya take, wato ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, wadda Najeriya da Nijar da Birtaniya da Amurka duk mambobinta ne. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana ɗaukar wannan doka ta fitar da littafin ƙa'idojinta duk shekara, kuma da shi mafi yawan kamfanoni suke aiki. Gas ɗin da yake cikin na'urar Hajiya, wanda ake kira butan, yana rukuni na 2.1, wato iskar gas mai kama wuta, kuma a ƙa'ida fasinja ba ya ɗaukar irinsa. Amma akwai jadawali na musamman da ya lissafa abin da aka ɗaga wa fasinja ƙafa a kai, kuma na'urar gyaran gashi mai gwangwanin gas tana ciki bisa sharuɗɗa huɗu. Guda ɗaya tak aka yarda wa kowane mutum. Dole murfin kariyarta ya kasance a rufe gam a kan ɓangaren da yake yin zafi. Ba a kunna ta a cikin jirgi ko kaɗan, har a banɗaki. Gwangwanin ajiya kuwa ba a yarda da shi ba, ko a jakar hannu ko a akwatin awo, sabo ne ko an fara amfani da shi.

Inda amsoshin da aka ba ki suka rabu, Hajiya, shi ne batun jakar da za a saka ta, kuma abin sha'awa shi ne biyu daga cikin masu ba ki shawarar kowanne yana da gaskiya a wani wuri. A ƙa'idar IATA, na'urar tana iya shiga jakar hannu ko akwatin awo, kuma Birtaniya ma haka ta tsara wa matafiya. Amurka ce ta tsananta: dokarta ta ce jakar hannu kaɗai, ba a saka ta a akwatin da zai shiga ƙasan jirgi. Tunda tafiyarki za ta ratsa ƙasashe uku, abin da zai fisshe ki shi ne ki ɗauki doka mafi tsanani ki yi aiki da ita tun daga Abuja, wato na'ura ɗaya a jakar hannunki da murfinta, ta biyun kuma a jakar hannun 'yarki, domin adadin na kowane fasinja ne, ba na iyali ba. Kada su haɗu a jaka ɗaya ko da ke da ita kuna tafe tare, saboda jami'in da yake kallon na'urar haska kaya jaka yake gani, ba ya ganin dangantaka.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani tun yanzu: dokar duniya mafi ƙarancin abin da ake buƙata ce. Kowane kamfanin jirgi yana da ikon ƙarawa a kanta, kowace ƙasa ma haka, kuma hukumar binciken fasinjoji ta Amurka, TSA, ta bayyana a fili cewa hukuncin ƙarshe yana hannun jami'in da yake bakin aiki. Don haka ki duba shafin kowane kamfani da za ki hau jirginsa, a sashen kayan da aka hana, musamman idan tikitinki ya haɗa kamfani fiye da ɗaya.

Mai Kwalliyar Amare:

Na gode ƙwarai, Malam, kai ma Alhaji na gode da tunatarwa. Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Gwangwanin da yake cikin na'urar da wanda yake cikin kwalinsa ai duk gas ɗaya ne, har ma ina ganin na cikin kwali ya fi aminci tunda ba a taɓa huda shi ba. Me ya sa aka yarda da ɗaya aka hana ɗaya? Sannan an ce mini idan jirgi ya yi sama sosai gwangwani yana iya fashewa da kansa, shin haka ne? Idan kuma haka ne, ashe wanda yake jakar hannuna ma bai tsira ba ke nan.

Malamar Kimiyya:

'Yar'uwa, bari in amsa ɓangaren fashewar, domin yana cikin abin da nake koyarwa. Butan yana tafasa ya zama iska tun daga kusan rabin digiri ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, don haka a yanayin ɗaki ba ya zama ruwa sai an matse shi a cikin abu rufaffe, kamar yadda kike ganinsa yana motsi a cikin laita mai haske. A zafin digiri 20, matsin da yake cikin gwangwanin ya kai kusan ninki biyu na matsin iskar da muke shaƙa. Idan zafi ya kai digiri 50, sai ya haura zuwa kusan ninki biyar. Jirgin fasinja kuwa, ko da yana tafiya a nisan ƙafa 35,000 daga ƙasa, ana daidaita matsin iskar cikinsa ya zama kamar na wurin da yake ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma ma'ajiyar kaya ta ƙasa tana cikin wannan daidaitawar, ba a waje take ba. Abin da ya ragu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matsin da muka saba da shi ba, wanda lafiyayyen gwangwani yake ɗauka ba tare da matsala ba. Ke nan zafin da akwati yake sha idan aka bar shi a filin jirgi da tsakar rana a watan Afrilu ya fi hawan jirgi takura wa gwangwanin.

Abin tsoron na gaskiya yoyo ne. Butan ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya ba ya tashi ya watse, yana kwanciya ne ya taru a ƙasan jaka, kuma da zarar ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ƙarami ya isa ya kunna shi. Ita kanta na'urar tana ɗauke da abin kunnawa a jikinta. Akasarin irinta ba sa fitar da harshen wuta da ido zai gani, gas ɗin yana ƙonewa ne a hankali a kan wani sinadari da yake cikin sandar, shi ya sa za ta iya kunnuwa a cikin akwati, a tsakanin atamfofi da leshi, ta yi ta zafi ba wanda ya sani. Murfin kariyar da Malam ya ambata aikinsa ke nan, ya raba sandar da duk abin da zai iya ƙonewa. Wanda ya ɓatar da murfin nasa, ko ya tsage, to na'urarsa ta fita daga cikin abin da aka yarda da shi, kuma naɗe ta da tsumma ko leda ba ya maye gurbinsa.

Game da bambancin gwangwanin ciki da na ajiya, a fahimtata lissafin yawa ne. Na cikin na'ura ɗaya ne tilo, bakinsa a ɗaure yake a mazauninsa, kuma jikin na'urar ya kare shi daga bugu. Na ajiya kuwa yana yawo a cikin jaka tare da makullai da almakashi, kuma da an buɗe ƙofarsa babu mai tsayawa a guda ɗaya: wannan zai ɗauko biyar, wancan ya ɗauko katan saboda sayarwa, a wayi gari jirgi mai fasinja 300 yana ɗauke da gas mai yawa a warwatse cikin akwatuna ba tare da matuƙi ya san inda yake ba. Irin wannan tunani ne aka bi a kan laita, inda ake barin mutum da ƙarama guda ɗaya a jikinsa amma a hana gas ɗin ɗura ta.

Tsohon Ma'aikacin Kaya:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne dalilin da ya sa nake ganin Amurkawa sun fi dacewa a wannan gaɓa, duk da cewa dokar duniya ta fi tasu sauƙi. Idan abu ya fara hayaƙi a cikin ɗakin fasinja, hanci zai ji, ido zai gani, kuma ma'aikatan jirgi suna da abin kashe gobara da horon amfani da shi. A ƙasan jirgi kuwa babu mai iya sauka ya buɗe akwati yayin da ake tafiya. Ranar 11 ga Mayu 1996, jirgin kamfanin ValuJet mai lamba 592 ya faɗa cikin fadamar Everglades ta jihar Florida jim kaɗan bayan tashinsa daga Miami, mutum 110 suka mutu. Bincike ya nuna wasu gwangwanaye masu samar da iskar numfashi ta hanyar sinadari ne aka loda a ma'ajiyar kaya ba tare da murafun kariyarsu ba, suka yi zafi suka tayar da gobara. Bayan wannan ne hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta sanya na'urorin gano hayaƙi da kashe wuta a irin waɗancan ma'ajiyoyi. Waɗancan gwangwanaye ba na gyaran gashi ba ne, kuma ba fasinja ne ya ɗauko su ba, amma duk wanda ya yi aikin kaya ya san cewa daga rashin ɗan murfi abin ya faro.

Anti Mazauniyar Jojiya:

Ƙanwata, sannu da shirin biki, Allah Ya sanya alheri. Ni a kusa da Atlanta nake zaune, kuma zan yi miki maganar abin da za ki tarar. Batun nan ya sake tasowa a nan cikin watan Agusta na 2025, lokacin da TSA ta tunatar da matafiya cewa na'urorin gyaran gashi marasa waya, masu gas da masu batirin litiyam, ba sa shiga akwatin awo. Jaridu suka yi ta yayatawa kamar sabuwar doka ce, alhali ta daɗe a rubuce. Amfanin hayaniyar dai shi ne jami'ai sun ƙara sanya ido, kuma idan na'urar haska kaya ta nuna irin wannan abu a akwati, buɗewa ake yi a cire, ke kuma sai kin isa masauki za ki ga takardar da ke nuna an bincika kayanki.

Matsalar gas ɗin da zai ishe ki aiki tana da mafita mai sauƙi, wato ki saya a inda za ki yi aikin. Abin da za ki kiyaye shi ne gwangwanayen ba duka suke shiga kowace na'ura ba. Ki duba sunan kamfanin da lambar gwangwanin da take jikin kwalin, ki tura wa 'yan'uwanki hotonsa tun yanzu su nema. Idan taki irin ta Braun ce ko BaByliss, waɗanda aka fi sani a Turai, zai fi kyau a tabbatar an samu wanda ya dace a Amurka kafin ki taso, domin na Landan ba za ki iya tsallakowa da shi ba, a nan kuwa kayan Conair aka fi gani. Kada kuma wani ya ce zai aiko miki ta gidan waya, saboda gas mai kama wuta yana cikin abin da aka hana aikawa tsakanin ƙasashe ta wannan hanya.

In da ni ce, gaskiya, da na sauƙaƙa wa kaina. Abin da ya sa kika koma ga mai gas rashin wuta ne, kuma wannan dalili ba zai bi ki Landan ko Atlanta ba. Na'ura mai waya da ake jonawa a bango ba ta da wani hani, a kowace jaka kika ga dama za ki saka ta. Abin lura kawai shi ne ƙarfin wuta: Najeriya da Birtaniya suna kan volt 230 kuma bakin soket ɗinsu iri ɗaya ne, Amurka kuwa tana kan 120 da nata bakin daban. Ki duba jikin na'urar, idan an rubuta 100-240V, to abin sauya baki kaɗai kike buƙata, idan kuwa 220-240V aka rubuta, a nan ba za ta yi zafin kirki ba. Na san hannu yana sabawa da kayan aikinsa, kuma ranar biki ba ranar gwaji ba ce, don haka idan kin fi natsuwa da naki, ki zo da su yadda Malam ya tsara.

Kada ki ce za ki guje wa gas ki sayi mai batirin caji ba tare da bincike ba, domin ita ma da nata sharuɗɗan. A Amurka jakar hannu kaɗai take shiga, tare da abin da zai hana ta kunnuwa da kanta, a Japan kuwa ba sa karɓarta a kowace jaka idan ba a iya cire batirin ko raba shi da ɓangaren zafi.

Tsohon Ma'aikacin Kaya:

Saura abubuwa uku da suke kama mutane bayan sun yi komai daidai. Na farko yana faruwa a bakin ƙofar jirgi. Idan jirgi ya cika, ma'aikata sukan karɓi jakunkunan hannu su liƙa musu takarda su tura su ƙasa, kuma daga wannan lokaci jakarki ta zama kayan awo. Idan hakan ta same ki a jirgin da zai shiga Amurka ko wanda zai tashi daga can, ki ciro na'urar tare da fawa banki da duk wani batirin ajiya kafin ki miƙa jakar. Zai taimaka ki ajiye su a wata 'yar jaka daga sama, yadda hannu ɗaya zai fitar da su.

Na biyu dawowa ce. Gwangwanayen da kika saya a Atlanta suka rage, a can za ki bar su, ko da an sha rabinsu, ko da kin girgiza kin ji kamar babu komai, domin wanda ake ganin ya ƙare ma akwai sauran gas a cikinsa kuma jami'i ba shi da hanyar aunawa. Wanda yake ɗaure a cikin na'urar shi kaɗai zai dawo da ke. Haka nan idan 'yarki ta riga ki dawowa, to ta taho da na'urar da ta tafi da ita, in ba haka ba za ki tsaya a gaban jami'i da guda biyu ke kaɗai.

Na uku shi ne saƙo. Mai zuwa biki ba ta rabuwa da ƙunshin da aka ce ta kai wa wance, kuma a kanta za a tambaye ki ko ke kika haɗa kayanki da ko wani ya ba ki abu ki riƙe masa. Duk abin da aka samu a akwati mai ɗauke da sunanki naki ne a idon doka, don haka ki buɗe kowane ƙunshi a gaban mai shi kafin ki karɓa.

Tunda sana'arki ce, na san akwai man feshin gashi a cikin kayanki. Shi an yarda da shi a matsayin kayan kwalliya, har a akwatin awo, muddin kowane gwangwani bai wuce rabin lita ko rabin kilo ba, jimillar irin waɗannan kaya duka, har da turare, ba ta wuce lita 2 ko kilo 2 ga mutum ɗaya ba, kuma murfin bakin feshin yana kai. Wanda za ki saka a jakar hannu kuwa, ki tsaya a kan mililita 100, domin da wannan ma'auni za a duba ki a Abuja da kuma filayen jiragen Amurka.